Abin da Uwar Ɗan Lema Ta Ce

Ran Sallar da ta wuce, bayan an ci an sha a gidan nan namu na Waziriyya, Maryam ta jefo mini wata tambaya da Hausarta mai ɗingishi, wadda rabinta Larabci ne.

"Baba, wai me ya sa Sitti ba ta taɓa kiran sunanka ba? Yaʿani ba ta son ka ne?"

Kafin in buɗe baki, Faisal ya ɗora tasa, wadda ya saba yi mini duk shekara: da na bi Kawu Bala Dammam tun ina saurayi, da yanzu muna da gidaje jere. Na yi dariya na kawar da zancen, don amsar tambayoyin nan biyu guda ɗaya ce, kuma ba a tsaitsaye ake ba da ita ba. To ga ta nan na rubuta muku. Da Hausa na rubuta, da gangan. Wanda ya kasa karantawa ya ɗauka ya kai wa Gwaggonku Safiya, ita ma tana wurin aka yi komai, in na ƙara gishiri za ta faɗa muku, ba ta taɓa raga mini ba.

Kakarku da kuke kira Sitti, ni Inna nake ce mata. Tana amarya ta baro ƙasar Hausa tare da Babanmu, suka biyo ta Chadi da Sudan, wani wuri a mota wani wuri a ƙasa, suka tsallako teku don sauke farali, daga nan zama ya kama su a Jidda. A Ammariyya aka haife ni, a wani gida mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, mu da wasu Hausawa da wata Balarabiya, Khala Nura, wadda mijinta ke aiki a tashar jiragen ruwa. Ni ne ɗan fari, kuma a al'adar garinsu Inna, mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Yanzu na san cewa a can gida akan ɗauki irin wannan yaro a miƙa wa kakarsa, ita ta goya shi, ta tsokane shi, ta lalata shi da gata. Mu kuwa kakanninmu suna bayan teku. Sai na samu kunyar cif-cif, ban samu kakar ba. Idan Inna na son in ci abinci sai ta ce da Safiya, "Kai wa wancan." Idan za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce a samu wani ya ɗebo ruwa. Ni ne "wancan", ni ne "wani", ran da aka ji daɗina kuwa in zama "yaron nan".

Abin da ya ƙara ɓata lissafina shi ne ɗakin da ke kallon namu. Khala Nura tana da ɗa sa'ana, Khalid, wani ƙato mai kumatu. Da safe ta sumbace shi, da rana ta sumbace shi, in ya yi tuntuɓe ta fito tana "ya waladi, ya galbi" unguwa duk ta ji. Su a wurinsu ma girman mace shi ne a kira ta da sunan ɗanta na fari. Saboda haka kullum sai ta leƙo ta rangaɗa wa Inna kira.

"Ya Ummu Idris! Kina da ɗan yaji?"

Inna sai ta sunkuyar da kai kamar an zage ta, ta miƙa yajin ba ta amsa ba. Ni kuma ina gefe ina kallo. A Jidda aka haife ni, idon Jidda gare ni, abin da na gani kawai shi ne uwar Khalid tana taƙama da shi, tawa kuwa ko sunana aka faɗa sai ta kawar da fuska. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, don su a ganinsu abu ne da kowa ya sani. Na girma da wannan ƙullin a zuciya, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Babanmu mai tsire ne a kusa da Bab Makka, Larabawa suna layi a kansa da yamma. Shekarar da gemuna ya fara tsirowa, sai ga shi wata rana ya shigo da ɗan dako ɗauke da akwatin talabijin, na hannu, ya saye shi wurin wani mai shago a Bagdadiyya. Katako ne jikinsa, hotonsa baƙi da fari, kuma sai ya ɗauki lokaci yana gurnani kafin fuska ta fito. Aka kafa masa eriya a saman soro, in iskar teku ta kaɗa hoton ya yi ta rawa sai an hau an juya ta. Tun daga ranar tsakar gidanmu ta zama dandali. Da an idar da magariba matan gidan da na maƙwabta za su shimfiɗa tabarmi, a fito da akwatin bakin ƙofa, a yi ta kallo har a kira isha. Ku da kowa ke riƙe da nasa allon a tafin hannu ba za ku gane daɗin wannan ba. Har mai karanta labarai gaishe shi ake yi, wata tsohuwa ma ta rantse ya amsa mata.

A cikin abubuwan da ake nunawa akwai wani tsohon fim na ban dariya na mutanen Ingila, wanda suke yawan maimaitawa, ina jin ba su da wasu da yawa. Sunansa na gaskiya ban taɓa riƙewa ba, mu dai Ɗan Lema muke ce masa. Wani siririn Bature ne mai dogon wuya, wanzami a wani ƙaramin gari da ruwan sama ba ya ɗaukewa, kullum yana rataye da lemar da ba ta buɗuwa sai ya shiga ɗaki. Yana zaune da tsohuwar uwarsa, burinsa a duniya ya zama ma'aikacin jirgin ruwa. Da Turanci suke magana, ana rubuta Larabci a ƙasan hoton, matan kuwa ba mai karanta ko ɗaya. Ni da nake zuwa makaranta sai aka naɗa ni tafinta. Nakan zauna a gaba dab da akwatin, in ba su baya, in riƙa juyawa da Hausa. Rubutun yana gudu, ni kuma ba na iya kamo shi duka, sai na fara cikewa da nawa. Na mayar da mai unguwarsu Sarkin Fawa, na sa ɗan sandansu yana rantsuwa da kabarin kakansa, na ba Ɗan Lema muryar wani Bakatsine mai sayar da turare da muka sani. Wurin da ya aske wa wani attajiri rabin gashin baki, ya yi ta ƙoƙarin daidaitawa har ya ƙare duka, matan nan har kwanciya suke yi don dariya. Khala Nura, da zama da mu ya sa take jin Hausa, takan riƙe ciki tana cewa, "Khalas, ya Idris, za ka kashe ni!" A duniya ban taɓa jin ni wani ne ba kamar a kan tabarmar nan. Inna kuwa can baya take zama a bakin madafa, da faifai a cinya tana tsince shinkafa, kuma ban taɓa waiwayawa na ga ko kallon take yi ba.

Ana nan sai Kawu Bala ya zo daga Dammam. Ƙanin Babanmu ne, direban babbar mota a wani kamfanin gine-gine, ya zo da agogo a hannu da takalmi mai ƙara. Ya ce can gabas aiki ne ke neman mutane, yaro mai karatun Larabci kamar ni ba zai kwana biyu ba zai zama magatakarda, ya riga ya yi magana da kafili, wato wanda zai tsaya mini wurin hukuma, batun iƙama, takardar izinin zama, kuma a bar masa. A lokacin Dammam ba nan kusa ba ce, wanda ya tafi sai a shekara ba a gan shi ba. Babanmu ya ce shi ba zai hana ni ba, ba kuma zai tura ni ba, namiji ne ni. Na ce zan tafi, kuma na faɗa da ƙarfi don a ji a madafa. Gaskiyar magana ba aikin ne ya fi ja na ba. So nake a ce mini kada in tafi, kuma mutum ɗaya nake so ta faɗa. Na ƙudura a raina, in ta yi shiru, to na tabbatar da abin da na daɗe ina zato, in na tafi kuma ba zan dawo ba.

Inna ba ta ce uffan ba. Washegari ta kwashe kayana kaf ta wanke, har waɗanda ba su yi datti ba. Ta daka yaji ta ɗura a kwalba, ta soya dambun nama, ta jawo tsohon akwatin ƙarfen da ta zo da shi daga gida ta goge ta fara jerawa. Kowace safiya in tarar an ƙara wani abu a ciki. Na ce a raina, dubi yadda take sauri, kamar mai sallamar baƙon da ya daɗe.

Ana gobe tafiya, da magariba, sai ga Ɗan Lema an sake sakawa. Matan suka ce lallai in yi musu na bankwana. Na zauna, amma raina a jagule yake. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe da Ɗan Lema ya samu aikin jirgin, ya zo yana gaya wa uwarsa. Tsohuwar tana zaune a kujera tana saƙa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta faɗi wata 'yar gajeruwar magana, ta tashi ta shiga cusa masa kaya a akwati, butar shayi, agogon bango, bargo a kan bargo, har akwatin ya ƙi fita ta ƙofa, shi da ɗan dako suka yi ta kokawa da shi. Wurin dariya ne, kullum a nan nakan sa ta tana yi masa faɗan kada ya auro kifi. Ran nan kafin in yi magana Khala Nura ta tafa hannu.

"Wallahi matar nan ba ta da zuciya! Ɗanta zai shiga teku, ko hawaye? Haram alaiki, ya shekha!"

Maganarta ta faɗa daidai inda ke mini ciwo. Sai na siranta murya irin ta tsohuwar, na ce, "Yalla, tafi abinka. Dama ka tare mini ɗaki. In ka tafi na huta da dafa wa ƙato abinci, kada ma ka dawo."

Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba, don sun ji muryar ba irin ta kullum ba ce. Sai na ji magana daga bakin madafa.

"Ba haka ta ce ba."

Kowa ya waiwaya, har da ni. Inna ce, ta ajiye faifan a ƙasa. Ba ni take kallo ba, talabijin take kallo. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ikon Allah, yaushe kika koyi Turanci?"

"Ba sai na ji Turanci ba. Sau nawa ana nuna matar nan ina kallon ta. Ku dubi saƙar. Tun da ya shigo da maganar take warware abin da ta saƙa, ba ta ma san tana yi ba. Wanda ke son mutum ya tafi ba ya cika masa akwatin da zai ƙi fita ƙofa."

Muka duba. Zaren kuwa ga shi nan tuli a ƙafar kujera. Na ga fim ɗin nan har na haddace shi, amma idona kullum yana kan rubutun ƙasa, ban taɓa lura ba. Khala Nura, da ba ta iya barin zance a rabi, ta ce, "Tayyib, ya Ummu Idris, to me ta ce?"

Na ɗauka Inna za ta tashi ta shige ɗaki yadda ta saba in an kira ta haka. Ba ta tashi ba. Ta gyara mayafinta, idonta na kan Baturiyar nan, ta yi magana a hankali.

"Cewa ta yi, ni ban iya irin bakin da wasu matan suka iya ba, ba a koya mini ba. Amma tun ran da aka haife ka, ban taɓa cin abinci ba sai na ga ka ci. In ka fita, kunnena yana ƙofa har ka dawo. In tafiyar ce alherinka, ka tafi, Allah ya kiyaye hanya, ba zan tare ka ba. Amma kada ka tafi kana cewa an huta."

A cikin talabijin, Ɗan Lema yana can ya maƙale a taga da ƙafa ɗaya a waje, ba mai dariya. Khala Nura ce ta fara jan hanci, ta rufe fuska da gefen mayafi tana "ya Allah, ya Allah". Inna ta ɗauki faifanta ta miƙe, ta ce da Safiya wutar nan tana neman mutuwa, ta shige madafa. Ni kuwa na juya na fuskanci akwatin, don kada a ga fuskata, na kasa fassara ko kalma ɗaya har aka rubuta ƙarshe. A rayuwata ba a taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba daga bakinta, ko da yake da tsohuwar Ingila aka bi aka yi.

Faisal, ga inda taka amsar take, kuma ba zan yi maka kwaskwarima ba. Abin da na bari ba ƙarami ba ne. Khalid ɗan Khala Nura shi ya karɓi gurbin nan daga baya, kun san shi, kun ga motocin da yake zuwa da su. Ni na gaji tukubar Babanmu, na sha hayaƙi har idona ya raunana, daga baya na buɗe ɗan shagon da kuka tashi kuka gani. Akwai shekarun da suka yi tsanani, musamman lokacin da kuke ƙanana, da nakan kwanta in ce da na sani. Kawu Bala bai sake yi mini kallon mai hankali ba har ya rasu. Kuma ku lura, Inna ba ta hana ni ba, sa mini albarka ma ta yi. Ni ne na ga cewa yanzu na san uwata, ban kuwa yarda in san ta yau in bar ta gobe ba. Na zauna kusa da ita har tsufanta, na koyi jin maganarta a inda take ajiye ta, a kwanon abinci, a rigar da aka ɗinke ban roƙa ba, a faɗan da take yi wa Safiya alhali da ni take. Da aka haifi yayarku Hadiza na miƙa mata ita, duk gatan da ta tara ba ta samu inda za ta sauke ba ta juye a kanta, shi ya sa har yau ba a iya wa Hadiza. Na auna abin da na samu da abin da na rasa, ban ga an cuce ni ba, alhamdu lillahi.

Amma a daren ban yanke shawara ba, kada in yi muku ƙarya. Da safe na saɓi akwatin ƙarfen nan, nauyinsa kamar an zuba duwatsu. Na durƙusa a ƙofar madafa na ce na tafi. Inna tana juya koko, ta ce da tukunyar, "Allah ya tsare." Muka kama hanya ni da Kawu Bala har inda motarsu take lodi. Aka ɗaga akwatina za a ɗora, sai na ji bakina ya ce a sauke. Kawu ya zazzaga mini faɗa da Hausa, da ta ƙare masa ya koma Larabci, mutane suka taru suna kallo. Motar ta tashi ba ni. Kunyar komawa gida da rana tsaka ta kama ni, sai na ja akwatina zuwa Bab Makka wurin Babanmu. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya miƙo mini wuƙa ya ce in yanka albasa. Nan na wuni, ba wanda ya kai labari gida.

Bayan magariba muka shigo tare, yana gaba ina biye da akwati a ka. Ba a fito da talabijin ba ran nan, tsakar gidan ba kowa sai Safiya, da Inna a bakin murhu ta ba ƙofa baya. Safiya ta ƙwalla ihu ta yo kaina. Inna ba ta waiwayo ba, sai dai muciyar da ke hannunta ta tsaya. Can ta ce, "Safiya, bar haukan nan ki zo ki ɗora ruwa, a ƙara tuwo."

Safiya ta je ta buɗe kwanukan da aka jera, ta tsaya tana kallo.

"Inna, ai ga nasa nan kin riga kin kwashe. Har da man shanu."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Inna. "Kai wa wancan."

Na ajiye akwatin, na wanke hannu, na zauna na cinye shi tas. Ban sake ɗaure kayan tafiya ba har ta koma ga Mahaliccinta.